Kayan adon kirfa da yara za su iya yi kafin Sallah

Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili mu nuna wa iyaye wani aikin hannu mai arha da zai riƙe yara a gida lokacin hutu.

A sami fulawa kofi 1, gishiri rabin kofi, garin kirfa rabin kofi, da ruwan ɗumi wanda bai cika kofi ba. Gishirin awo yana da tsakuwa-tsakuwa, sai an daka shi ya yi laushi, in ba haka ba adon zai fito da kaushi. A zuba ruwan kaɗan-kaɗan ana murzawa har ƙullun ya daina kama hannu. A shimfiɗa shi da kwalba, kaurinsa kamar rabin santimita, yara su yanka tauraro ko jinjirin wata da bakin kofin shayi, a huda gurbin zare da bututun biro tun yana ɗanye.

Wajen shanya ake yin asara. Ranar Katsina takan busar da sama ta bar ciki ɗanye, sai ya tsage ko ya lanƙwashe. A shanya a inuwa kwana 2 zuwa 3, ana juyawa safe da yamma. Da hunturu ya fi kyau. Da damina gishirin na jan laima, adon ya yi taushi. Kada a shafa masa fenti, yana toshe ƙamshin.

Ba abin ci ba ne, a kula da ƙanana. Kirfa kuma tana da yaji a ido, a wanke hannu da sabulu.

Wasu iyaye mata,
Ƙofar Ƙaura, Katsina