Wasiƙa zuwa ga ɗana a kan dutsen zinare da ƙwaƙwalwar yaro

Gusau, Jihar Zamfara

Ɗana,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyalinka. Mahaifiyarka tana gaishe ku.

Labari ya iso mini cewa ka fara sayen dutse a hannun masu haƙa, kuma saboda tsoron ɓarayi a zaure kake jibge buhunan, wani lokaci har a daka a tsakar gida. Ban hana ka neman halal ba. Amma amaryata ba ta cika shekara biyu ba, kuma duk abin da ta tsinta a ƙasa baki take kai shi. Don haka ka karanta wannan a natse.

Ƙwaƙwalwar babban mutum ba ta cika kai kilo ɗaya da rabi ba, amma ita kaɗai ke cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa. A cikinta akwai ƙwayoyin jijiya kimanin biliyan 86. Daga gindinta laka ta sauka ta cikin ƙashin baya, jijiyoyi suka fito daga laka dama da hagu, tagwaye 31, suka bazu har yatsun ƙafa. Da lantarki saƙo ke bi ta cikinsu, wani ma yana wuce mita 100 a daƙiƙa ɗaya. Ka taka garwashi ka gani: kafin ka ce wayyo ƙafa ta riga ta ɗaga. Laka ce ta yanke hukunci, ƙwaƙwalwa daga baya ta samu labari.

Ga inda nake so ka tsaya. Ƙwayoyin nan ba a manne suke da juna ba, tsakaninsu akwai ɗan giɓi da ido ba ya gani. Idan saƙo ya iso bakin giɓin, sai sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ke gina ƙashi, ya kutsa cikin ƙwayar, ita kuma ta saki wani sinadarin ya tsallaka ya tada ta gaba. Duk kalmar da yarinyar nan ta koya, duk fuskar da ta shaida, a irin waɗannan mahaɗai ake ƙulla su, kuma yanzu ne ake tsakiyar aikin. Kafin yaro ya cika shekara 6 ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girmanta.

To, dutsen zinaren yankinmu yakan zo da dalma a jikinsa, ita kuwa dalma ɓarawo ce da ta sa rigar ɗan gida. Jiki yana ɗaukar ta a matsayin kalsiyam, sai ya buɗe mata ƙofa, ta ratsa shingen da ke tace jini kafin ya isa ƙwaƙwalwa, ta je ta dagula mahaɗan nan. Hanjin ƙaramin yaro yana tsotse ta ninki huɗu zuwa biyar na abin da naka zai tsotsa.

A 2010 kana yaro, ba lallai ka tuna ba. Agwagi ne suka fara mutuwa, ba wanda ya kawo komai a ransa. Sai yara suka biyo: amai, ciwon ciki, jijjiga, suma. Aka yi ta ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a banza. Sai da likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa mai suna MSF suka sa aka auna jini sannan aka gane dalma ce. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma da Bagega, yara aƙalla 400 suka rasu. Dole aka kankare ƙasar gidaje aka zuba sabuwa, Bagega ma ba a kai gare ta ba sai 2013.

Ni waɗanda suka rayu sun fi tsaya mini a rai. Wasu sun makance, wasu jiki ya shanye. Wasu kuwa ka gan su garau, amma karatu ya ƙi zama, malam na ta bulala ana cewa daƙiƙai ne. Magani yana fitar da dalma daga jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta ɓata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini, komai ƙanƙantarsa, da za a ce ba ya cutarwa.

Saboda haka ka kwashe buhunan nan yau, ba gobe ba. Daka da niƙa a yi su can bayan gari, a jiƙa dutsen don ƙura ta kwanta. Turmin da ya ga dutse ya gama da gero har abada. Kayan aikinka da takalmanka su kwana a wurin aiki, ka yi wanka kafin ka ɗauki yarinya. Matarka ma kada ta kusanci ƙurar, don dalma tana ratsa mahaifa ta isa ga ɗan tayi.

Idan, Allah ya kiyaye, yarinya ta fara jijjiga, a kwantar da ita a gefenta, kada a cusa mata cokali ko a ɗura mata wani jiƙo. Addu'a a yi ta, amma a kan hanyar asibiti.

Ko da tana wasanta lafiya lau, ku kai ta a auna dalma a jininta, kuma ka faɗa wa likita sana'arka ba ɓoye-ɓoye. In kuɗin mota ne, ka turo ƙanenka ya karɓa. Ka kira ni da zarar sakamako ya fito.

Allah ya yi muku albarka.

Mahaifinka