Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaye ni ko Sarki Kwanstantin ne ya ƙirƙiro Kiristanci

Malam, gaisuwa da fatan alheri.

A taron ƙara wa juna sani ka tambaye ni a gaban jama'a: shin akwai wata hujja, ban da littafin Kiristoci, da ke nuna addininsu ya girmi Kwanstantin, sarkin daular Rumawa, ko kuwa shi ya ƙaga shi a taron Nikiya na shekarar 325? Lokaci ya ƙure a ranar, shi ya sa na rubuto.

Kwanstantin ya tarar da Kiristanci ne, kuma manyan shaidun wannan magana ba masoyan Kiristoci ba ne. Tasitus, marubucin tarihin Rumawa, ya rubuta wajen shekarar 116 cewa bayan gobarar birnin Rum ta shekarar 64, Sarki Niro ya ɗora laifin a kan wasu da ake kira Kiristoci. Ya ce sunan ya samo asali daga Kiristi, wato Yesu, wanda gwamna Bilatus ya yanke wa hukuncin kisa a zamanin Sarki Tibariyas. Tasitus ya raina su ƙwarai, camfi mai cutarwa ya kira addininsu.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce wasiƙar Filini, gwamnan Bitiniya da ke Turkiyya ta yau, zuwa ga Sarki Tarajan wajen shekarar 112. Ma'aikaci ne da shari'a ta ɗaure wa kai yake neman shawarar maigidansa. Ya ce Kiristoci kan taru a wata rana kafin gari ya waye, su yi wa Kiristi waƙa kamar abin bauta, su yi rantsuwa ba za su yi sata ko zina ba, sannan su sake haɗuwa su ci abinci. Har bayi mata biyu ya sa aka azabtar don ya ji gaskiya. Ya kuma koka cewa abin ya bazu har ƙauyuka, wuraren bautar gumaka sun kusa zama kufai.

Ƙasa ma ta yi magana. A 1961 masu tonon kayan tarihi daga Italiya suka gano wani dutse a Kaisariya, da ke Isra'ila ta yau, ɗauke da sunan Bilatus da muƙaminsa na gwamnan Yahudiya. A Dura-Yurofos, bakin kogin Furat a Siriya, an tono wani gida da aka mayar majami'a wajen shekarar 240, da ɗakin baftisma da zane-zane a bango. Ba a ma haifi Kwanstantin ba tukuna. Abin da ya yi shi ne halatta addinin a 313, sannan ya tara limamai a Nikiya su sasanta saɓanin da ke tsakaninsu kan matsayin Yesu, saɓanin da ya riga shi.

Sai dai kada a kai hujjar inda ba ta kai ba. Tasitus ya faɗi abin da aka sani a Rum ne, bai ga kome da idonsa ba, kuma ka fi ni sanin cewa Musulmi da Kiristoci sun saɓa kan batun gicciye Annabi Isa. Tonon ƙasa ba zai raba wannan gardama ba. Ba a kuma samu wani kaya da aka tabbatar nasa ne ba. Likkafanin da ke birnin Turin na Italiya, wanda ake yawan cewa nasa ne, gwajin kimiyya na 1988 ya nuna an saƙa shi tsakanin 1260 da 1390.

Na gode, Malam. Allah ya bar zumunci.