Cinikin 'yan kwikwiyon Pit Bull: wa ke cin riba, wa ke biyan bashi?

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana kan wani lamari da na gani da idona a nan Ingila, wanda kuma na fara ganin alamunsa a gida, domin a 'yan kwanakin nan tallan 'yan kwikwiyon Pit Bull daga Abuja da Legas ya yawaita a Facebook da Instagram, kuma samarinmu suna ta tambayar farashi.

Asalin wannan kare daga nan Ingila ne, inda aka riƙa kiwon kakanninsa don a haɗa su faɗa da bijimai. Da majalisa ta haramta wannan wasa a 1835, sai masu caca suka koma haɗa karnukan faɗa da junansu a cikin rami. A 1991 aka kafa dokar karnuka masu haɗari, wadda ta haramta kiwon Pit Bull da sayar da shi. Amma masu neman kuɗi ba su haƙura ba, sai suka koma ga wani jinsin da ya samo asali daga gare shi, mai suna XL Bully, wanda ya fi shi girma da nauyi. Bayan hare-haren da suka yi sanadin rasa rayuka, Firaminista Rishi Sunak ya sanar a watan Satumba na 2023 cewa shi ma za a haramta shi. Daga 31 ga Disamba na 2023 aka hana kiwonsa da sayar da shi da bayar da shi kyauta, daga 1 ga Fabrairu na 2024 kuma mallakarsa ba tare da takardar izini ba ta zama laifi a Ingila da Wales.

Akwai wata dattijuwa a layinmu da ke da irin wannan kare. Kullum da asuba nakan haɗu da ita tana jansa da igiya, bakinsa ɗaure da takunkumi kamar yadda doka ta tilasta, idan yara sun taho sai ta tsallaka titi da shi, shi kuwa yana ta kaɗa wutsiya. Ba ita ta saye shi ba. Wani saurayi ne ya saya da tsada, da ya ga ya gagare shi ya yi watsi da shi. Ta biya kuɗin izini, ta kai an dandaƙe shi, ta yi masa inshora. Wannan ya yi sa'a. 'Yan'uwansa da dokar ta riska a gidajen kula da yasassun karnuka ba su da mafita, tunda an hana miƙa su ga sabon mai riƙo, sai dai likitan dabbobi ya yi musu allurar mutuwa. Har gwamnati ta ware fam 200 ga mai kare da ya zaɓi a kashe nasa. Wanda ya haɗa barbarar kuwa, ya riƙa zaɓen mafi faɗin ƙirji da mafi zafin rai saboda su ne masu kasuwa, ya riga ya soke kuɗinsa a aljihu tuntuni.

Ba na cewa kowane Pit Bull mugu ne. A 2007 hukumomin Amurka sun ƙwace karnuka kusan hamsin a gidan ɗan wasa Michael Vick a jihar Virginia, inda ake haɗa su faɗa, aka yanke masa hukuncin ɗaurin wata 23. Aka duba karnukan ɗaya bayan ɗaya, aka bar mafi yawansu da rai, wasu har suka zauna lafiya a gidajen mutane. Saboda haka a ƙasar da doka ta yarda, wanda yake da hali da haƙuri, ya fi dacewa ya ɗauko wanda aka yasar maimakon ya biya kuɗi a ƙara haifar wasu. Sai dai ƙarfin haƙoran Pit Bull ba abin wasa ba ne, kuma cizonsa ba irin na karen unguwa ba ne.

Mu a ƙasar Hausa mun san karen farauta da na makiyaya da na gadi, kowanne da aikinsa, kuma mun san hadisin mutumin da Allah Ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Sayen dabba don burgewa, a ɗaure ta da sarƙa a rana har ta fusata, bai dace da wannan tarbiyya ba. Wanda ya gaji da karensa a gida ba shi da wurin kai shi. Sakinsa zai yi a unguwar da yara ke wasa a ƙofar gida.

Ina kira ga hukumomin kula da lafiyar dabbobi na jihohinmu su fara yi wa masu kiwon irin waɗannan karnuka rajista, su tilasta allurar rigakafin haukan kare, su kuma ɗora wa mai sayarwa nauyin karɓar karensa idan mai saye ya kasa riƙe shi.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Landan, Ingila