Kalmar "Arangama" Da Kuka Yi Ta Nanatawa Daren Laraba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da abokan aikinka.

Sau nawa mai gabatar da shirinku na daren Laraba, wanda kuka yi kan zanga-zangar da ake yi wa tarukan mata a Birtaniya, ya ce "arangama tsakanin ɓangarori biyu"? Tun daga kanun shirin har sallama kalmar ba ta bar bakinsa ba. A Hausar da muka gada, arangama ita ce kowa ya taho da shirinsa a yi karo. To matan da suka kama hayar zaure, suka biya, suka sayar da tikiti, suka zauna kan kujeru suna jiran mai jawabi, da wa suka taho yin karo? In 'yan jagaliya suka tare ƙofar taron wata jam'iyya a Kano, cewa kuke an tarwatsa taro. Da abin ya zo kan matan Birtaniya masu son tattauna dokar sauya jinsi, sai bakinku ya yi nauyi.

Baƙonku ya ce zanga-zanga 'yancin kowa ce. Haka ne, ba mai ja. Sai dai har shirin ya ƙare ba wanda ya gaya wa mai sauraro yadda ake kashe irin wannan taro, alhali abu ne mai tsari, kuma duk wanda ya san harkar haɗa taro a ƙasar nan ya san shi.

Ana farawa ne tun kafin ranar, kuma mai zaure ake fara matsa wa. Da zarar sanarwa ta fita da sunan wurin, sai a watsa lambar wayar ofishin da adireshinsa na imel a shafukan sada zumunta. Manaja ya wuni yana amsa waya: wannan ya ce ya ba masu ƙiyayya masauki, wancan ya tuna masa hukumar da ke ba shi tallafi, wasu kuma su cika shafin wurin a Google da mugun sharhi. Ƙaramin zauren coci ko na unguwa ma'aikata uku ko huɗu gare shi, da tagogin gilashi, da inshorar da ke ƙara tsada in an yi ɓarna. Kuɗin hayar dare ɗaya bai kai wannan ciwon kai ba. Sai ya lalubi ƙofar fita, kuma yawancin takardun haya suna da ita, wato sakin layin da ya ba mai wuri damar sokewa saboda tsaro ko kare sunan wurin. Ya mayar da kafin alƙalami, ya ba da haƙuri, shi ke nan. Ba a doki kowa ba, wakilinku ba shi da hoton ɗauka, amma taro ya mutu.

Haka aka yi a Nottingham a watan Yunin 2022. Hukumar birnin ta soke jawabin da marubuciya Julie Bindel za ta yi a laburaren Aspley dab da ranar, matan suka yi taronsu a waje, wurin ajiye motoci. A watan Oktoba hukumar ta fito ta nemi gafara, ta amsa cewa sokewar ta saɓa wa doka. A watan Mayun 2023 wani gidan wasan barkwanci a Edinburgh ya soke zaman da za a yi da Joanna Cherry, 'yar majalisar dokoki a lokacin, da hujjar cewa wasu ma'aikata ba sa son yin aiki ranar. Da lauyoyi suka rubuta, sai gidan ya janye, ya ba da haƙuri. Dalili kuwa, tun watan Yunin 2021, a shari'ar Maya Forstater, kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ƙwadago ta yanke cewa yarda da cewa jinsin haihuwa ba ya canzawa ra'ayi ne da dokar daidaito ta 2010 ke karewa. Mai wurin da ya kori mutum don wannan ra'ayi ya taka doka. Amma Cherry lauya ce, Bindel kuma sananniya ce. Ƙungiyar mata goma a wani ƙaramin gari ba ta da kuɗin wasiƙar lauya, in ma ta samu, ranar taro ta riga ta wuce.

Saboda haka masu shiryawa suka koma ɓoye adireshi. Ƙungiyar Woman's Place UK, wadda aka kafa a 2017, ta sha yin haka: tikiti ya fita da sunan gari kawai, sai lokaci ya gabato a aika wa masu tikiti sunan zaure. Dabarar tana rage matsin lamba kan manaja, amma kura ce da fatar akuya ga masu zuwa. Masu adawa ma suna sayen tikiti, don haka saƙon yana isa gare su a minti ɗaya da kowa. Mai keken guragu ba ta da halin bincika ko wurin yana da matakala. Wadda za ta taho a jirgin ƙasa daga wani gari ba ta san tashar da za ta sauka ba. Uwar da ta bar yara wurin maƙwabciya ba ta san ƙarfe nawa za ta dawo ba. Waɗannan su ne suke fara fasawa, kuma sau da yawa su maganar gidajen fakewa na mata da ɗakunan asibiti ta fi shafa. Mafi muni shi ne a ce a hallara a fili sannan a ja mutane zuwa zaure. Haka wasu masu shiryawa suka yi a Landan a watan Satumbar 2017 bayan wurin farko ya janye. Aka ce a haɗu a Speakers' Corner cikin Hyde Park, kuma a nan aka kai wa wata mata mai shekara 60 hannu tana riƙe da kyamararta. A watan Afrilun 2018 kotun majistare ta kama mutum ɗaya da laifin duka, ta ci tara. Takardar kotu ba ta ce arangama ba.

Ranar taro kuma abu biyu ne, ƙofa da amo. Mutum goma in suka sarƙe hannuwa sun isa su rufe ƙofar ɗakin lacca, domin masu gadin jami'a ba sa son taɓa jikin kowa, kuma mai kula da gini, da ya ga mashiga ta cushe, tunanin gobara da turmutsitsi yake yi, sai ya soke. A Jami'ar Edinburgh sau biyu aka hana nuna wani fim kan wannan batu, a Disambar 2022 da Afrilun 2023. Karon farko an mamaye ɗakin, karo na biyu an tare mashiga. Sai a Nuwambar 2023, da ƙarin tsaro, aka samu aka nuna. Kusan shekara guda ke nan don a kalli fim ɗaya a cikin jami'a.

Amo ya fi sauƙi ma. A Brighton, Satumbar 2019, lokacin babban taron jam'iyyar Leba, masu zanga-zanga sun tsaya jikin ginin da matan ke ciki suna dukan tagogi da hannu da ƙafa, suna ihu, tun daga buɗe taro har rufewa. Ka kwatanta, Malam Edita: kana zaune, gilashi na girgiza a bayan ƙeyarka, mai jawabi tana ɗaga murya kana ganin bakinta na motsi kawai, kuma ka san ta cikin mutanen nan za ka bi in an tashi. A Oxford Union, zauren muhawarar ɗalibai a Oxford, watan Mayun 2023, an manna hannu da gam a daɓen zauren a gaban Farfesa Kathleen Stock, sai da 'yan sanda suka zo suka cire kafin a ci gaba. A Auckland ta ƙasar New Zealand, ranar 25 ga Maris 2023, an ture shingen da ya raba jama'a, an kwarara wa mai jawabi, 'yar gwagwarmayar Birtaniya Kellie-Jay Keen, ruwan tumatir a ka, an fitar da ita ba ta yi jawabin ba, taron Wellington na washegari ma aka fasa. A cikin waɗannan duka ina so a nuna mini wurin da matan suka je taron wani suka hana shi magana.

Mai gabatarwa ya tambaya ina 'yan sanda, baƙo ya yi dariya, aka wuce. Tambayar tana da amsa. A Ingila da Wales dokar zaman lafiyar jama'a ta 1986 ta wajabta ba da sanarwar kwana 6 ga masu jerin gwano, amma masu tsayuwa wuri ɗaya ba a neman sanarwa daga gare su. Don haka in masu taro ba su kira 'yan sanda da wuri ba, kuma ga shi suna ɓoye adireshi, motar farko tana isowa ne bayan ƙofa ta cika. Sashe na 14 na dokar ya ba babban jami'in da ke wurin ikon gindaya sharuɗɗa: inda za a tsaya, tsawon lokaci, yawan mutane. Yana iya cewa a koma tsallaken titi, kuma wannan kaɗai kan raba gardama, amma sai ya ga alamar babbar fitina ko tsoratarwa kafin ya yi, kuma jami'i biyu a gaban mutum ɗari sun fi son a lallaɓa dare ya wuce. Cire ƙyallen rufe fuska ma ba kowane ɗan sanda ke da ikon umartarsa kai tsaye ba, sai an samu izinin sufeto ko wanda ya fi shi. Akwai kuma tsohuwar dokar tarukan jama'a ta 1908, wadda ta mai da hargitsa halastaccen taro don hana shi gudana laifi, har ta ba shugaban taro damar neman ɗan sanda ya karɓi suna da adireshin mai hargitsi. Abin dariya, a zamanin da mata masu neman 'yancin jefa ƙuri'a ke katse jawaban ministoci aka yi ta. Yau da wuya ka ji an ɗauko ta. Scotland kuma nata dokokin daban.

Duk wannan kuɗi ne a wuyan masu shiryawa. Masu gadin ƙofa sai masu lasisin SIA, hukumar da ke kula da masu gadi masu zaman kansu, ana biyan su awa-awa, tun kafin buɗe ƙofa har mace ta ƙarshe ta shiga mota. Mai zaure zai nemi takardar tantance haɗari da inshora, sau da yawa ta fam miliyan 5. Mai hankali yana kama zaure na biyu ko da na farko ya janye, ya biya duka biyun. A ƙofa ana daidaita sunan tikiti da katin shaida, layi ya yi tsawo, kuma a cikin layin nan ne ake ɗaukar hotunan fuskoki da waya. Malamar firamare ko ma'aikaciyar jinya ta san hoton na iya isa teburin shugabanta da safe tare da takardar ƙorafi. Ta ga abin da ya samu Stock, wadda ta bar Jami'ar Sussex a Oktoban 2021 bayan an liƙa takardun neman korarta a harabar makaranta. In farfesa ba ta tsira ba, ina ga mai ƙaramin albashi? Sai ta zauna gida, kuma ba wanda zai ƙirga ta.

Ban ce masu sauya jinsi ba su da abin faɗa ba. Suna shan zagi da duka a tituna, suna ganin rayuwarsu ce ake ɗorawa kan tebur, kuma ranar da 'yan Nazi suka bayyana a gefen taron Keen a Melbourne ta ƙasar Ostareliya a Maris 2023 suna ɗaga hannu irin gaisuwarsu, ko da masu taron sun ce ba su gayyace su ba, duk mai tsoro yana da hujjar tsoronsa. Su tsaya tsallaken titi da kwalaye, su raba takardu, su sayi tikiti su yi tambaya mai zafi, su kama nasu zauren. Abin da wakilinku ya kamata ya duba uku ne: an iya shiga, an iya ji, an iya fita lafiya? In an tare taron masu sauya jinsi haka, ni ce farkon wadda za ta rubuto muku, kuma tarwatsa taro zan kira shi.

Sannan don Allah a gaya wa baƙonku ya daina cewa 'yan daudu. Abin da muka sani a gida daban, wannan daban. Nan rigimar takarda ce da doka. Dokar sauya jinsi ta Birtaniya ta 2004 ta ce mai son a canza jinsinsa a hukumance sai ya kai shekara 18, ya kawo rahotannin likita biyu, ya nuna ya yi shekara biyu yana rayuwa a jinsin da yake nema, kwamiti ya duba. A 2018 gwamnati ta nemi ra'ayin jama'a kan sassauta waɗannan sharuɗɗa, kuma wasu daga cikin tarukan nan na amsa wannan kira ne: gwamnati ta ce a yi magana, mata suka taru su yi. Ranar 16 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙolin Birtaniya, a ƙarar da ƙungiyar mata ta For Women Scotland ta kai, ta yanke da bakin alƙalai 5 cewa "mace" a dokar 2010 tana nufin jinsin haihuwa, tare da jaddada cewa dokar na nan tana kare masu sauya jinsi daga wariya. Wato abin da aka yi ta dukan taga don kada a faɗa, shi ne fassarar da kotu ta ba doka. Ko jimla ɗaya shirinku bai yi a kan wannan ba.

Tunda na ɗauki alƙalami, ga wata. Kiɗan da kuke sa wa a ƙarƙashin muryar masu kiran waya ya yi ƙarfi. Layi da ma ba kyau, dattijo yana magana daga nesa, ganga na bisa kansa, rabin maganar ta tafi. Kuma kun ɗauke maimaicin shirin na safiyar Alhamis ba tare da sanarwa ba, masu aikin dare sai su ji a ina? A rage kiɗan, a dawo da maimaicin.

Ina jiran gyara a shiri na gaba, da bakin wanda ya faɗi kalmar.

Wassalam.

Taku mai sauraro a kullum,
daga Leeds, Ingila