Auta, tashi ka ci

Ɗana Auta,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mu nan gida lafiya lau, sai dai sanyin hunturu da ya sa ƙafar babanka take tsami. Yaya aiki, yaya Kaduna?

Yayarka ta dawo daga wurinka ran Asabar. Ta so ta ɓoye mini, amma fuskarta ta tona ta. Ta ce ka rame har sai da ka ƙara wa bel ɗinka huji, ta kuma tarar da tukunyarka ta yi ƙura. Wai tun da aka fara rage ma'aikata a wurinku kusan kullum kana azumi, da dare kuma kana kwance da waya a hannu har asuba. Da ta yi maka maganar asibiti sai ka ce addu'a ta ishe ka. Wannan kalma ce ta hana ni barci, domin na taɓa jin ta a bakin babanka.

Kana makarantar kwana a lokacin, ba mu gaya maka duka ba. An auna jininsa an tarar ya hau sosai, aka ba shi ƙwaya ɗaya kowace safiya. Sai ya je wani taron farkawa, ya dawo yana murna wai ya warke, ya zuba sauran maganin a masai. Ni ma na taya shi murna, ban ce a koma a sake aunawa ba, kuma har yau abin yana cina. Bayan 'yan watanni, wata safiya yana riƙe da kofin koko, na ga kofin ya suɓuce, bakinsa ya karkace, yana kiran sunana maganar ba ta fita. Ka san yadda yake jan ƙafar hagu har yanzu. Hawan jini ba ya sallama, Auta.

Allah yana warkarwa, wannan ba na shakkarsa. To amma wa ya ba likita sani? Waɗanda suka kawo wa kakanninmu bishara, su ne suka gina asibitin Vom da Jankwano a Jos da na Wusasa, kuma ba ƙarancin bangaskiya ya sa su ba. Manzo Bulus ma da ya ta da matacce, yana yawo da Luka, har ya kira shi ƙaunataccen likita.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19 ka karanta a tsanake. Iliya ya kira wuta daga sama a Dutsen Karmel, amma da Yezebel ta aika masa barazana sai ya gudu jeji, ya zauna a gindin wani itace ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Annabi guda! Ka lura da abin da Ubangiji ya yi. Bai tsawata masa ba, bai ce ya ƙara azumi ba. Ya bar shi ya yi barci, ya aiko mala'ika da waina da tulun ruwa, ya ce masa ya tashi ya ci. Ya ci, ya sake kwanciya, aka sake tashinsa ya ci, domin tafiyar ta fi ƙarfinsa. Sai can a Horeb aka yi magana da shi cikin murya ƙasa-ƙasa, aka nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, akwai mutum dubu bakwai, aka kuma ba shi Elisha ya zama abokin tafiya.

Saboda haka ka dakatar da azumin nan tukuna. Zafin cikin da kake ji, ka daina kashe shi da maganin ciwon jiki na kemis. Irin su ibuprofen da diclofenac suna cin bangon ciki, su jawo gyambo. Ka je a gwada ka, sau da yawa wata ƙwayar cuta ce ke kawo shi, maganinta kuwa na kamar mako biyu ne. Ka sa a auna jininka, tunda abin yana gidanmu. In ya kai 140 bisa 90, kada ka yi wasa da shi.

Sai maganar da ta fi yi mini nauyi. In baƙin cikin nan ya wuce mako biyu, abinci ba daɗi, barci ba ya zuwa, kana jin rayuwa ba ta da amfani, wannan ciwon damuwa ne, yana da magani. Ba hauka ba ne, ba zunubi ba ne. Asibitin Barnawa yana nan kusa da kai, zuwa can ba abin kunya ba ne. In kuwa wani mugun tunani ya zo maka game da ranka, ka kira ni ko ƙarfe biyun dare ne. Yesu kansa a Getsamani bai ɓoye ba, ya gaya wa Bitrus da Yakubu da Yahaya cewa ransa yana cikin baƙin ciki matuƙa, ya ce su zauna tare da shi.

Na ji ka daina zuwa sujada. Ka koma, ko da a bencin baya za ka zauna, ka kuma samu fastonku ka gaya masa gaskiya. In addu'a ta ƙi fitowa, ka karanta Zabura 42 da murya, ta zama taka.

Zan ba direban kasuwa garin kunu da zuma da ƙuli-ƙuli ran Laraba, ka tare shi a tashar Kawo. Matan zumunta suna sa ka a addu'a, ban dai gaya musu dalili ba. Babanka ya ce ka kira shi ran Lahadi bayan an tashi majami'a, yana so ya ji da bakinka nawa jinin ya nuna.

Mamanka