Wasiƙa zuwa Agege: batun shigar ɗanmu aikin ɗan sanda

Aminina,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da duk jama'ar Agege. Ya kasuwa, ya kuma fama da cunkoson Ikko? Saƙonka ya iso, na kuma fahimci cewa ɗan namu ya ƙwallafa rai a kan aikin ɗan sanda. Na ga gara in rubuto a tsanake, domin maganar ta fi ƙarfin waya, kuma ina so ka miƙa masa ya karanta da idonsa.

Zan fara da abin da ya fi tsaya mini a rai, wato mutumin da ka ce ya yi maka alkawarin gurbi in ka kawo kuɗi. Kada ka ba shi ko anini. Cike fom kyauta ne, tantancewa kyauta ce, jarrabawa ma haka. Irin waɗannan mutane sana'arsu ɗaya ce: su karɓi kuɗin mutum ashirin su zauna ba su yi komai ba. Biyu ko uku da ƙoƙarinsu ya fisshe su su zo suna godiya, sauran a ce musu oga ya ce sai zagaye na gaba. Mafi muni shi ne wanda zai buga wa yaro takardar kira ta jabu. Yaro ya ɗaure kaya, a yi masa rakiya har tasha, ya isa bakin ƙofar kwaleji a duba jerin sunaye babu nasa, daga nan a tsare shi da laifin gabatar da takardar bogi. Ɗaukar kurata a hannun Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda take. An daɗe ana ja-in-ja tsakaninta da ofishin Sufeto Janar a kan haka, har Kotun Ƙoli ta raba gardama a watan Yulin 2023 ta tabbatar wa hukumar ikon. Saboda haka tallar gaskiya da sunanta take fitowa tare da rundunar, a jaridu da rediyo, a kuma shafin da adireshinsa ya ƙare da gov.ng. Duk wani saƙon WhatsApp mai lambar asusun banki a ƙasansa, a share shi.

Yanzu ga inda yara suka fi faɗuwa, kuma ba a filin gudu ba ne. A kan tebur ne, gaban mai duba takardu. Ana neman kiredit biyar a WAEC ko NECO ko NABTEB, dole da Turanci da Lissafi a ciki, a zama ɗaya ko biyu, ban da uku. Kiredit daga C6 yake farawa zuwa sama. D7 a Lissafi ba ta shiga, ko da sauran darussan duk A1 ne, kuma ba a karɓar "ina jiran sakamako". Shekaru daga 18 zuwa 25 ga masu aikin gama-gari. Masu sana'ar hannu, irin su direbobi da makanikai da masu gyaran wuta, akan ɗaga musu zuwa 28, amma sai da shaidar gwajin sana'a.

To, ka sa shi ya baje takardunsa a kan tabarma: shaidar gama firamare, sakamakon sakandare, takardar haihuwa, takardar NIN da ta indijin. Ya bi sunan harafi bayan harafi. Ciwonmu ke nan a Arewa. A firamare an rubuta Muhammadu, a sakandare Mohammed, a NIN Muhammad. Wata makarantar ta liƙa wa yaro sunan garinsu a matsayin suna na ƙarshe, a katin ɗan ƙasa kuwa sunan mahaifi ne a wurin. Ranar haihuwa kuma wani malami ya cike ta da 1 ga Janairu don ya huta. A idonmu duk mutum ɗaya ne, a idon mai tantancewa mutum uku ne, kuma yana da ɗaruruwan yara a layi, ba shi da lokacin sauraron bayani. In an ga saɓani, a nufi ofishin NIMC, hukumar da ke ba da NIN, tun yanzu a daidaita NIN da abin da ke kan sakamakon jarrabawa, domin gyara a WAEC ko NECO ya fi wuya nesa ba kusa ba. A haɗa da takardar rantsuwa daga babbar kotu. Gyaran yakan ci makonni, shafin cike fom kuwa 'yan makonni yake a buɗe, ba a fafe gora ranar tafiya. Rage shekaru kuma kada ma a fara. NIN na ɗaure da BVN da layin waya, ga shekarar gama firamare tana nan tana ba da shaida.

Akwai abin da ya shafe ku musamman. Ko da yake a Legas aka haife shi, a can ya yi karatu, gurbin da zai nema na ƙaramar hukumarku ne ta asali a Katsina, don ana raba guraben ne bisa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan. Takardar indijin daga sakatariyar ƙaramar hukumarku za ta fito, bayan mai unguwa da dagaci da hakimi sun shaida. Tantancewar ma a jihar asali ake yin ta. Don haka ka tanadi kuɗin mota da masauki, ya taho gida tun da wuri ya bi takardar da ƙafarsa. Kada wani ya ba shi shawarar sayen indijin na wata jiha wai can an fi samun sarari. A wurin tantancewa akwai wakilan ƙananan hukumomi da na Hukumar Daidaito a Rabon Muƙamai, tambaya biyu a kan sunan hakimi ko unguwa ta isa ta tona asiri.

Wajen cike fom, in zai je kafe, ya zauna kusa da mai bugawa yana kallon allo. Lambar waya tasa, imel nasa, kalmar sirri a kansa. Masu kafe sukan saka imel ɗinsu don sauri, ranar da gayyata ta zo kuwa ba mai sanar da shi. Ya fitar da kwafi biyu na shaidar kammalawa da fom ɗin masu tsaya masa.

Masu tsayawar nan ba kowa ake karɓa ba. Sai basarake, ko majistare, ko shugaban ƙaramar hukuma, ko shugaban makarantar da ya yi, ko ma'aikacin gwamnati daga mataki na 12 zuwa sama, ko ɗan sanda mai muƙamin CSP, wato babban sufritanda, zuwa sama, ko soja daga laftanar-kanar. Kowanne zai sa hannu, ya liƙa hotonsa, ya ba da kwafin katin shaidarsa. Ka fara yi musu magana yanzu, manya ba a samunsu ranar da ake so.

Sai awon jiki, wanda za ku iya yi a gida yau. Tsawo ga namiji mita 1.67, ga mace 1.64. Ya tsaya ba takalmi, diddige da ƙeya a jikin bango, a ɗora littafi a kansa a yi alama. Ƙirji kuma, idan ya ja numfashi ya cika shi, kada ya gaza santimita 86, wato inci 34 a tef ɗin tela. Ƙirji yana ƙaruwa da motsa jiki da abinci, tsawo kuwa sai yadda Allah ya yi. Ana mayar da mai in'ina sosai, da mai gwame, da wanda ƙafafunsa suka lanƙwashe kamar baka, da mai shafaffen tafin ƙafa, da mai harara-garke ko raunin gani, da mai ƙaton cibi, da wanda ya rasa yatsa, da mai zanen tatu. In da ɗaya daga cikin waɗannan, ka faɗa masa gaskiya tun kafin a yi asarar kuɗin mota.

Ranar tantancewa farar riga mai gajeren hannu, farin gajeren wando da farin kambas ake sawa. Takardu na asali a farin fayil ɗaya, kwafinsu a wani, da hotuna 'yan fasfo. Ya isa da sassafe, ya karya kumallo, ya riƙe ruwa, domin wuni ake yi a rana.

Wanda ya tsallake sai jarrabawa a kwamfuta. A ɗaukar da aka yi a shekarun baya JAMB ce ta shirya ta a cibiyoyinta. Turanci ne da Lissafi da sanin al'amuran ƙasa. Tambayoyin ba su fi na ajin ƙarshe na sakandare ba, lokaci ne ke cin mutane. Wanda bai saba da kwamfuta ba yakan ɓata minti goma yana kokawa da linzami, alhali A, B, C, D na kan madannai sun isa zaɓen amsa, N ta kai shi gaba, P ta dawo da shi baya. S ta miƙa aiki ce, kada ya kusance ta sai ya gama. Ya biya kuɗin awa biyu ko uku a wata cibiya ya gwada hannunsa. Ya kuma riƙe irin su jihohi 36 da manyan biranensu, sanatoci 109, 'yan majalisar wakilai 360, haɗe Kudu da Arewa a 1914, kafa rundunar 'yan sanda ta ƙasa baki ɗaya a 1930, da Louis Edet, ɗan ƙasa na farko da ya zama Sufeto Janar a 1964, wanda hedikwatar Abuja ke ɗauke da sunansa.

Gwajin lafiya ne na ƙarshe: ido, hawan jini, jini da fitsari, a kuma duba gwaiwa. A nan sai ka keɓe da shi ku yi maganar uba da ɗa. Ban zarge shi da komai ba, amma ka san zamani. Fitsari yana nuna wiwi da tiramol da kodin, kuma ga wanda ya saba shan wiwi alamarta takan kai wata guda a jiki. Shan ruwa da yawa ko tsamiya ranar gwaji ba ya wanke ta.

Tsakanin gwajin nan da fitowar sunaye akan yi watanni, kuma lokacin shirya jiki ke nan. Ya fara da gudun kilomita biyu bayan sallar asuba, kwana uku a mako. Kowane mako ya ƙara kaɗan, har a mako na takwas ya iya biyar ba tsayawa. Wanda ya tashi rana ɗaya ya zuba kilomita takwas a kan kwalta ciwon ƙwauri zai kwantar da shi mako biyu. Ya nemi filin makaranta mai ƙasa. Ya haɗa da motsa jikin nan na dafa ƙasa a sauka a tashi, da tsallen kwaɗo, don a can da shi ake hukunta ko da ƙaramin kuskure. Abin da ba a cika shirya masa ba shi ne tsayuwa. A fareti mutum yakan ƙame awa guda a rana, masu faɗuwa kuwa su ne waɗanda ba su ci komai ba ko suka sandare gwiwa har jini ya taru a ƙafa. Dabarar ita ce a saki gwiwa kaɗan, a riƙa motsa yatsu a cikin takalmi. Kambas ɗin da zai tafi da shi ya fara sawa tun yanzu, sabon takalmi bororo yake kawowa a makon farko, bororo kuma in ya fashe cikin jiƙaƙƙiyar safa ya zama gyambo. Ya koyi wanki da guga da goge takalmi da hannunsa, babu ƙanwar da za ta yi masa a can.

Takardar kira za ta faɗi makarantar da aka tura shi da ranakun isa, wanda ya makara an ɗauka ya fasa. Manyan kwalejojin suna Kaduna da Maiduguri da Ikeja da Oji River, ga kuma makarantun horo irin na Sakkwato da Bauchi da Minna. Kayan da aka saba nema: fararen riguna da gajerun wanduna bibbiyu, farin zanen gado da rigar filo, bokiti, kwano da cokali, littafi mai kauri, fartanya, adda da tsintsiya. Kada ya yi dariyar fartanyar, da ita zai fara aikin ɗan sanda. Ka ƙara masa gidan sauro da garin kwaki da ƙuli-ƙuli da sukari, abincin makaranta ba ya riƙe saurayin da ke maci tun duhun asuba. Ya buɗe asusun banki da sunan da ya yi daidai da NIN, don ta nan alawus zai shigo. Za a aske masa kai da gemu ƙwal, ya san da wannan tun daga gida.

Horon wata shida ne. Rabinsa fili, rabinsa aji, kuma ajin ne yara ke rainawa. Za su karanta Dokar 'Yan Sanda ta 2020, da dokokin hukunta laifuka, wato Final Kod (Penal Code) da ake aiki da shi a Arewa da Kiriminal Kod na Kudu, da Dokar Shaida, da babi na huɗu na Tsarin Mulki. A nan zai ji cewa ba a kama uba a madadin ɗa, ba a tsare mutum a kan bashi, beli kyauta ne, kuma wanda aka kama a kai shi kotu cikin awa 24 inda kotu ke kusa. Zai koyi ɗaukar bayanin mai ƙara da cike littafin caji ofis, duk da Turanci, shi ya sa nake so ya riƙa rubuta shafi guda kullum tun yanzu, ko labarin abin da ya gani a kasuwa ne, da lokaci da wuri da wanda ya ce me. Bindiga kuwa, kafin ya harba harsashi ɗaya zai gaji da kwance AK-47 da haɗa ta da goge ta, da haddace sharuɗɗan Oda ta 237 a kan lokacin da doka ta yarda a yi harbi. Abubuwan da ke sa a kori kurtu sanannu ne: tsallake katanga, sata, faɗa, ƙwaya, da takardar da aka gano ta jabu ce, domin ana ci gaba da bincikar sakamako har bayan an shiga.

Bayan faretin yaye su, albashin farko yakan yi jinkiri kafin suna ya hau tsarin biyan gwamnati, saboda haka kada ka janye hannunka daga aljihunsa nan da nan.

Abu ɗaya da nake so ka duba: in bai wuce shekara 22 ba kuma sakamakonsa mai kyau ne, akwai Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil. Ta JAMB ake shiga, shekara biyar ake yi, a fito da digiri da anini a kafaɗa a matsayin ASP, wato mataimakin sufritanda. Kurtu kuwa daga ƙasa zai faro, sai ya yi shekaru kafin igiya biyu ta kofur, balle uku ta saje. Ka turo mini hoton sakamakon nasa da takardar NIN in duba, sai mu san wacce ƙofa ta fi dacewa da shi.

Ka gaishe mini da uwargida da yara, da Sarkin Hausawa in kun haɗu. In ɗan namu ya taso zuwa Katsina, ya biyo ta Kaduna ya kwana a nan.

Wassalam.

Naka,
amininka na Kaduna