An Bar Jaki Ana Dukan Taiki A Maganar Shayarwa

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a jaridar nan tamu in tofa albarkacin bakina kan shayar da jariri nonon uwa zalla. Duk shekara daga 1 zuwa 7 ga Agusta ana makon shayarwa na duniya. A taru a otal, a yi jawabai, a raba riguna, gidajen rediyo su yi ta nanata "wata shida, ban da ruwa". Saƙon gaskiya ne, ba ni da ja. Damuwata ita ce wadda ake faɗa wa. Ni ma'aikaciyar lafiya ce da ta yi ritaya, a ƙananan asibitocin unguwa na ƙare aikina wajen awon ciki da riga-kafi, kuma abin da idona ya gane mini shi ne, a gidan talaka maijego ce ta ƙarshe a masu iko da jaririnta. An bar jaki ana dukan taiki.

Ɗauki yarinya mai haihuwar fari da aka kai goyon ciki. Ta dawo daga asibiti da karatun da muka yi mata. Rana ta take a watan Afrilu, yaro yana tsala kuka, sai kaka ta miƙo hannu: "Ke, kawo shi nan. Kin bar yaro da ƙishirwa kamar ba ki da imani. Ku da muka ba ku ruwa, mutuwa kuka yi?" Wace yarinya ce za ta ɗaga ido ta mayar wa uwarta ko uwar mijinta magana? Ga kuma kunyar ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta kira. Sai a ɗebo ruwan randa a tafin hannu a ɗura masa. Kafin nan ma, a kwanakin farko an riga an ce dakashi ƙazanta ne, a matse a zubar, a riƙe yaro da ruwan ɗumi ko zuma ko madarar akuya har sai an wanke nono. Wasu gidajen gwaji suke yi, a tatsi nonon a ludayi a jefa kiyashi. In ya fita nono lafiya lau, in ya mutu a ce nonon ne ba kyau. Bawan Allah kiyashin nan maƙalewa ya yi saboda kaurin dakashi, kaurin kuwa shi ne amfaninsa, garkuwar farko ce da yaro yake samu daga cututtuka. Ita kuma zuma likitoci sun hana ba jariri kafin ya shekara, saboda takan zo da wata ƙwayar cuta da hanjinsa bai iya yaƙa ba tukuna.

Kaka ba mugunta take yi ba, tausayi ne. Ba wanda ya taɓa zama da ita ya ce, Hajiya, nonon nan wajen kashi 88 cikin 100 ruwa ne, in zafi ya yi yaro zai riƙa neman nono akai-akai, kuma in yana jiƙa tsumma sau shida ko fiye a wuni to ba ya tare da ƙishirwa. Tsofaffin da na samu zama da su na ce ruwan nan uwar za ki ba, ita za ta mayar masa da shi tatacce, da yawansu sun karɓa, kuma ba wanda ya kai su tsare jikan daga cokalin maƙwabta. Binciken lafiya na ƙasa ya nuna a 2013 jarirai 17 cikin 100 'yan ƙasa da wata shida ake ba nono zalla a Nijeriya, a 2018 aka kai 29. An matsa, amma tafiyar ta hawainiya ce.

Inda abin ya fi cin rai shi ne wajen uwa mai ɗauke da cutar da ke karya garkuwar jiki. Akwai lokacin da shawarar asibiti ita ce, in da hali, kar ta shayar, ta ba da madarar gwangwani. An ga sakamakon haka a inda ruwa ba tsabta. A Botsuwana, inda gwamnati take raba madarar kyauta ga irin waɗannan mata, ruwan sama mai yawa ya gurɓata ruwan sha a farkon 2006, gudawa ta ɓarke ta kashe ɗaruruwan yara, akasarinsu waɗanda ba sa shan nono. Daga 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sauya: uwa ta riƙe shan maganinta kullum, ta ba da nono zalla wata shida, sannan ta haɗa da abinci. A 2016 ta ƙara da cewa a shayar aƙalla shekara guda, ana iya kaiwa biyu. Ba tare da magani ba, yara 15 zuwa 45 cikin 100 ke kamuwa daga uwa. Da magani yadda ya kamata, abin yana sauka ƙasa da 5. Ba a ce babu haɗari kwata-kwata ba, amma haɗarin fida da ruwan garuwa ya fi shi nesa ba kusa ba.

To amma tsohuwar maganar ba ta mutu ba. Har yau akwai mai kemis ko wata 'yar uwa da za ta raɗa wa matar cewa nononki guba ne. Sai ta ci bashi ta sayo gwangwani ɗaya. Jariri yana buƙatar wajen kilo 20 na madarar nan a wata shidan farko, gwangwani 50 ke nan na giram 400, ga gawayin tafasa ruwa tsakar dare. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, mijinta kuwa mai tura baro ne, ko wannan ba ya gani. Gwangwani ya kusa ƙarewa, ta fara tsinka madarar da ruwa. Dangi sun zo barka, ana ta "Wai ke me ya hana ki ba yaron nan nono?" Don kar a gane, sai ta ba shi a gabansu, da dare kuma fida, da safe ɗan koko. Wannan gamin gambizar ita ce mafi muni, don abincin da aka ba jariri kafin lokaci yana raunata hanjinsa, ya buɗe wa cutar hanya. Wani bincike da aka yi a Kwazulu-Natal ta Afirka ta Kudu, aka fitar a 2007, ya gano jariran da ake haɗa musu nono da abinci sun ninka na nono zalla kamuwa kusan sau 11. A wancan lokacin magani bai wadata ba. Yanzu ko an riga an ba yaro ruwa ba tare da sonta ba, shawara ita ce kar ta yanke nono, ta riƙe maganinta ta ci gaba.

Duk wannan wahala ɓoyo ne ya jawo ta. Na san matar da take cire takardar jikin robar maganinta ta tura ta bayan kwalla a kabet, ta sha in kishiya ta shiga wanka. Maganin ruwa da ake ɗiga wa jariri kullum a makonni shida na farko, cewa take yi na ƙarin jini ne. Gwajin da ake yi wa yaro a mako na shida ya wuce ta, don ba ta da dalilin da za ta ba maigida na komawa asibiti. Shi kuwa maigidan ba a taɓa gwada shi ba. Akwai dokar 2014 da ta hana nuna wa masu cutar wariya, amma doka ba ta hana takardar saki. Mu ma ma'aikata sai mu ji tsoron Allah: in aka ware wa waɗannan mata rana ko ƙofa ta daban, an tona musu asiri ko ba a buɗe baki ba. Shi ya sa nake so nono zalla ya zama al'adar kowace maijego, yadda ba wadda za a nuna da yatsa.

Sai yunwa. Sau da yawa nakan ji "Malama, nonon ba ya isar shi, ni ma ban ci ba." Jikin uwa yakan ci gaba da yin nono ko tana cikin rashi, sai dai ita ce ke ramewa. Kuɗin gwangwani ɗaya zai sayi wake da gyaɗa da gero na kwanaki. Jihar Kaduna ta ba ma'aikatanta mata hutun haihuwa na wata shida tun 2019, madalla, amma mai aikatau da mai tuyar awara ba su da hutu. Su a koya musu tatsar nono a kofi mai murfi, yana kai awa 4 a inuwa bai lalace ba, kaka ta ba shi da cokali.

Roƙona ga malamanmu: ayar nan ta 233 a Suratul Baƙara da ake kawowa kan shayarwa shekara biyu, ita ce kuma ta ɗora wa uban yaro ciyar da mai shayarwa da tufatar da ita. A riƙa karanto wa maza wannan ɓangaren a huɗuba da wajen raɗin suna. Asibitoci kuma su nemi miji ya zo awo ko sau ɗaya a gwada su tare, a gayyaci kaka ranar sallama. Kai kuma Edita, ka tura wakilinka kowane ƙaramin asibiti ranar riga-kafi, ya bi layi ya tambayi matan waye ya fara ba jaririn ruwa, ka buga mana amsoshin yadda suke.

Wassalam.

Taku,
Tsohuwar ma'aikaciyar lafiya, daga Zariya